Bindigar soso ta gaji: a ƙara mata batir ko a sake mata waya?

Baban Sadik (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin kahraba ku zo ku taimaka. Na saya wa Sadik bindigar wasa ta hannu a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik, irin ta Nerf ɗin nan mai harsashin soso, an rubuta Stryfe a jikinta. Ƙananan batir huɗu take ci. In ka danne ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kunama sai ta kama ƙugi kamar injin aski, ka ja kunama ta tofo harsashi. To ba ta da ƙarfi ko kaɗan. In yaron ya harba uku a jere, na ukun a gaban ƙafarsa yake faɗuwa. Wani abokin aikina ya ce akwai batir mai caji da ake kira 14500, girmansa ɗaya da waɗannan, wai in na zuba huɗu za ta koma wata aba daban. Na ce bari in tambaya kafin in kashe riyal ɗina.

Mai Gyaran Jawwal (Makka): Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka zuba. Girma ɗaya ne, amma cikin ba ɗaya ba. Wanda kake sa mata yanzu bolt 1.5 ne kowanne, huɗu sun ba ka 6. Shi 14500 litiyam ne, 3.7 kowanne, in ya cika caji 4.2. Huɗu ke nan ka doshi bolt 17. Moto biyun da ke ciki ba a yi su don haka ba. Za ka ji ihu mai daɗi na ɗan lokaci, sai kuma warin ƙonewa.

Ɗan Batha (Riyad): Ai ba huɗu ake sawa ba. Biyu ake sawa, a cike sauran gurbi biyun da batir na bogi, wanda waya ce kawai a cikinsa. Amma gaskiya ni ma ban yarda da wannan hanyar ba, rabin aiki ce. Baban Sadik ka dace da bindiga wallahi. Tun da Stryfe ta fito a 2013 babu wadda masu wannan harkar suka fi farkewa kamarta, kayanta sun cika AliExpress. Ka kwashe kayan cikin gaba ɗaya, ka sa moto sababbi da batir ɗin litiyam irin na LiPo, 3S, ka ga aiki.

Baban Sadik (Jidda): Ku bi ni a hankali, ni direba ne. Mene ne 3S kuma? Sannan wai ta yaya ma take harbin? Na leƙa ban ga sifirin ba, ban ga famfon iska ba.

Injiniya Ƙarami (Zahran): Baba bari in gwada. Babu iska a cikin wannan. A gaba, kusa da baki, akwai 'yan tayoyi biyu na roba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowacce a kan motonta, suna juyawa saɓanin juna. Ƙugin da kake ji nasu ne. Kunamar ba ta da wani aiki illa ta turo harsashi daga gidansa zuwa tsakanin tayoyin. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin harsashin ba, shi kusan milimita 13 ne, don haka sai su matse shi su wulla shi gaba.

Abin da ya sa na ukun yake faɗuwa a ƙafar Sadik: duk harsashin da ya wuce yana rage wa tayoyin gudu. Kafin su koma yadda suke, sai moto ya zuƙi wuta mai yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci. Batir ɗin bakala, wato na kanti, ba ya iya bayar da ita, da an matsa masa sai bolt ɗinsa ya zube. Na biyu ya tarar da tayoyi ba su gama farfaɗowa ba, na uku ya tarar sun kusa tsayawa.

3S kuwa ɗakuna uku ne na litiyam a jere cikin kunshi ɗaya, bolt 11.1, in ya cika 12.6. 2S ɗakuna biyu, 7.4, in ya cika 8.4.

Mai Gyaran Jawwal (Makka): Allah ya yi maka albarka ƙanena. Ga inda nake so a tsaya a fahimta, don nan mutane suke ɓata kuɗinsu. Kowa idonsa na kan bolt, alhali abin da ya shaƙe bindigar nan hanyar da wutar take bi ne. Ka buɗe ta ka gani. Wayoyin ciki sirara ne ƙwarai. Sifirin ɗin gidan batir ƙarfe ne mai rage wa wuta ƙarfi. Sannan kafin wutar ta isa moto sai ta ratsa ɗan makunnin da ke duba ko an sa gidan harsashi, da wanda ke duba ko an rufe ƙofar sama, da wata 'yar ƙwayar kariya da ke rage wuta in ta ji zafi. Kowanne yana cin rabonsa.

In ka kawo batir mai ƙarfi ka jona a wannan tsohuwar hanyar, abu biyu ne. Ko dai ƙwayar kariyar ta dinga yanke maka wuta kana tsakiyar wasa, ko kuma ka cire ta, sifirin ya yi zafi ya lotsa robar gidan batir, makunni ya narke a danne, moto ya ƙi tsayawa. Shi ya sa duk mai hankali da waya yake farawa. Waya mai kaurin lamba 16 ko 18 mai rigar silikon, a liƙa da dalma tun daga batir har moto, a cire ɗan makunnin nan a sa babba irin na Omron mai ɗaukar amfiya 15 ko 21. Bayan nan ne ake maganar wane batir.

Ɗan Batha (Riyad): Wannan ban musa ba Malam. Amma tunda za a buɗe, a ƙona dalma, a yanke robar gidan batir don LiPo ya shiga, me zai sa a tsaya a rabi? Yadda ta zo daga kamfani harsashi yana fita da gudun ƙafa 70 a daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Da 3S da moto masu kyau da tayoyi masu kwarmi da gidan tayoyi mai matsi, mutane suna kai ta 130 zuwa 150. Su kansu Hasbro, kamfanin da ke yin Nerf, ai sun ga inda kasuwa ta dosa, a 2023 suka fitar da Stryfe X da LiPo ɗinta a ciki, suka rubuta 150 a kwali.

Maman Hanan (Madina): Sannunku da muhawara. Baban Sadik, shekarar Sadik nawa?

Baban Sadik (Jidda): Tara Hajiya. Ƙanwarsa biyar.

Maman Hanan (Madina): To Ɗan Batha ka karanta wa mutane sauran abin da ke jikin kwalin mana. Waccan ta 150 an rubuta daga shekara 14 zuwa sama, kuma da tabaran kariya aka haɗo ta. Irin ta Sadik an rubuta daga shekara 8. Ba ado ba ne rubutun. Ni a asibiti nake aiki, ido ba ya son wasa. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields a Landan sun rubuta rahoto kan mutum uku da harsashin soson nan ya samu a ido har jini ya taru a ciki, ɗaya yaro ne ɗan shekara 11. Sun kuma yi gargaɗi kan harsasan da ba na asali ba, masu arha, don kansu ya fi tauri. Yaro ɗan tara da ƙanwa 'yar biyar a falo ɗaya, wa kuke zaton za a fara gwadawa a kansa?

Ɗan Batha (Riyad): Haba Hajiya, soso ne fa. Nauyinsa bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba.

Injiniya Ƙarami (Zahran): Yaya a nan kam lissafi yana bayan Hajiya. Ƙafa 70 a daƙiƙa kusan mita 21 ne. Ka ɗauki giram ɗaya, ƙarfin bugun, a ma'aunin da ake kira jul, ya kama 0.2 da ɗan ɗori. Ka ninka gudun ya koma 140, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya doshi jul 0.9, saboda gudun ana ninka shi da kansa ne a lissafin. A hannu ko a baya zafi ne kawai na ɗan lokaci. A ƙwayar ido daga taku uku wata magana ce.

Kawu Na Karantina (Jidda): Ikon Allah. Manya da gemu ana lissafin jul a kan bindigar roba. Mu a Kano da kara muka yi mota, da sifok ɗin keke da kan ashana muka yi bindiga, ba wanda ya kashe ko sisi. Kuɗin waya da batir da moto ɗin nan in an tura gida ai ya yi cefane.

Mai Gyaran Jawwal (Makka): Kawu da girmanka, amma bindigar ashanar nan yara nawa ta ƙona wa yatsa? Kuma ni da irin wannan farke-farken na koyi abin da nake ci da shi yau. Rediyon gidanmu ya sha wuya a hannuna. Yaron da ya zauna kusa da babansa ya ga yadda ake riƙe ƙarfen dalma, ya ga mita tana nuna bolt, ya gane ja daban baƙi daban, ya fi wanda aka miƙa wa jawwal, wato wayar hannu, ya kwana yana dangwala.

Kawu Na Karantina (Jidda): Wannan kuma gaskiya ne. Amma a ce koyarwa ake, kada a fake da yaro.

Maman Hanan (Madina): Kawu ka gano su. Baban Sadik faɗi tsakaninka da Allah, Sadik ne ya ce ba ta da ƙarfi ko kai ne?

Baban Sadik (Jidda): Hajiya a bar tone-tone. Shi dai Sadik murnarsa yake. Amma zama a gida bayan isha ba abin yi, mutum yana son abin da zai sa hannu.

Ɗan Batha (Riyad): Yawwa! To magana ta fito. In ta babba ce, 3S.

Mai Gyaran Jawwal (Makka): In ta babba ce ma akwai abin da bidiyon Turawa ba zai gaya muku ba, don su a ƙasar sanyi suke. LiPo da zafin ƙasar nan ba sa shiri. Ni kullum batir ɗin jawwal masu kumburi nake cirewa, yawancinsu a mota aka bar su. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a nan Makka, a waje ke nan. Motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce 60. Alhaji kai direba ne, na san halinku, komai a aljihun mota yake kwana. Shi batir ɗin jawwal ma yana da allon kariya a jikinsa. Wannan na masu jirgin wasa da motar wasa tsirara yake zuwa, babu abin da zai hana shi wuce gona da iri sai kai. In wayoyinsa biyu suka haɗu, ko noti ya huda shi garin rufe bindiga, wuta ce take tashi mai wuyar kashewa.

In ka nace sai shi, to da sharaɗi. Caja ta musamman mai daidaita ɗakuna, ba kowace caja ba. Kada a yi caji ana barci, kada a yi a kan katifa ko kafet, a kan tayil, kana zaune. Ka sa masa 'yar ƙararrawar da ke kuka in ɗaki ya sauka kusa da bolt 3.3, don in ya faɗi ƙasa da 3 ya fara lalacewa. In za a daɗe ba a taɓa shi ba, a bar kowane ɗaki a 3.8, ba a cike ba. Da ka ga ya fara ciki, ya gama aiki, kada ka ce bari in lallaɓa. Kuma kullum a zare shi daga bindiga in an gama. Gidajenmu na haya kun san yadda suke, ɗaki a jikin ɗaki, ƙofa ɗaya.

Injiniya Ƙarami (Zahran): Ƙari a kan maganar zafi. Gidan tayoyin da Yaya ya ambata, da yawa da injin ɗab'i na 3D ake buga su da robar PLA. Ita tun wajen digiri 60 take fara laushi. Ta kwana ɗaya a but ɗin mota a watan Yuli sai ta karkace, tayoyi su fara gugar bango. In za a saya a nemi na robar PETG ko ABS, ko na alminiyam. Kuma lambobin da ake rubutawa kan gidan tayoyin, 43, 42, 41, tazarar da ke tsakanin moto biyun ce da milimita. Ƙaramar lamba matsi ya fi yawa, gudu ya ƙaru, amma tana cin harsashi kuma tana neman moto mai ƙarfin juyi.

Sai lissafin batir. Ka duba amfiyar da kowane moto ke zuƙa lokacin tashi, mai sayarwa yana rubutawa, ka haɗa na biyun. Sannan ka ninka girman batir da lambar C da ke jikinsa. Misali mai 1000mAh, wato 1Ah, da 40C, amfiya 40 ke nan. Dole ta kai abin da moto biyun suke nema ko ta fi.

Ɗan Mai Wurno (Jidda): Ina ta karatu ban sa baki ba. Abu ɗaya zan roƙa. Na ga hotunan da Ɗan Batha ya taɓa sawa a nan, ya fesa wa tasa baƙin fenti har baki. Don Allah Baban Sadik kada ka yi wannan. Mu da muka baro Sudan bayan yaƙin da ya fara a Afrilun 2023, yaranmu in suka hango abu baƙi mai siffar nan ba wasa suke gani ba. Ban da haka ma, mu baƙi ne a ƙasar mutane. Yaro baƙar fata ya fito lungu da magariba riƙe da ita, wanda ya hango daga nesa ba zai tsaya tambaya ko soso take harbawa ba, waya zai ɗaga. Launin ruwan lemo da shuɗin nan da kuke rainawa shi ne ke gaya wa kowa abin wasa ne.

Ɗan Batha (Riyad): Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗan uwa. Tawa ba ta fita ko ƙofar gida, sai istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, in mun kama da abokai, a cikin jaka. Amma na karɓa, bakin ko kaɗan bai kamata a taɓa shi ba.

Kawu Na Karantina (Jidda): Amin. Wannan maganar ta fi duk lissafin da aka yi tun ɗazu. Mai igama ba ya neman abin da zai kai shi bayani.

Baban Sadik (Jidda): Amin ya rabbi. Fenti babu shi. To yanzu Malam, a taƙaice me zan yi wa ta Sadik ta daina zubar da harsashi a ƙafa, ba tare da na mai da ita abin tsoro ba?

Mai Gyaran Jawwal (Makka): Kafin ka kwance noti ko ɗaya, duba harsasan. Tunda ta hannu ce, na san tsofaffi aka haɗo maka. Soso in ya tsufa yana ramewa, in an bar shi a cikin gidansa sifirin ya danne shi ya baje, zafi kuma yana saki gam ɗin kan. Harsashin da ya rame tayoyi ba sa kama shi da kyau. Sayi sababbi masu taushin kai, ka matsa kan da yatsa kafin ka biya. Sannan ka goge tayoyin daga ƙura da maiƙo, ka kankare tsatsar gidan batir, danshin Jidda ba ya barin ƙarfe.

Batir kuma ka nemi masu caji na NiMH irin su Eneloop. A rubuce bolt 1.2 ne, za ka ce ai an koma baya, amma in moto ya zuƙa ba sa zubewa kamar na bakala, don haka tayoyin sun fi saurin farfaɗowa tsakanin harbi da harbi. Abin da ke damun ka ke nan. Ba sa kuma neman tsaron da LiPo ke nema. Makunnin ƙofar sama ka bar shi yadda yake, shi ke hana tayoyi juyawa in yarinya ta zura yatsa.

Ɗan Batha (Riyad): Wato dai an bar ta a yadda take. Duk wannan surutun.

Maman Hanan (Madina): An bar ta daidai mai ita. Kuma ko a haka a saya musu tabarau su biyun, irin na masu aikin gini ma ya isa, ba tsada. Doka ɗaya a gidan: ba a nuna fuska.

Baban Sadik (Jidda): An gama Hajiya. Amma Ɗan Batha kada ka yi fushi, mai shagon yana da wata irinta da murfin batir ya ɓace. Ita zan ɗauko in yi wa aikin, tawa ta kaina, in kulle ta a saman kabad.

Injiniya Ƙarami (Zahran): To Baba ka fara da 2S a kan moton da ta zo da su. Da sabuwar waya da babban makunni za ka ji bambanci sosai, kuma in ka ƙona wani abu garin koyo asarar ba yawa. 3S a kan moton kamfani yana gajarta musu kwana. Murfin da ya ɓace ma ba matsala, dama sai ka sayi mai zurfi kafin LiPo ya zauna.

Ɗan Batha (Riyad): Wata biyu na ba shi, zai dawo yana tambayar 3S. Ku rubuta ku ajiye.

Auwalu Na Misfala (Makka): Afuwan na shigo a makare. In mutum zai tafi da irin wannan Kano tsaraba fa, jirgi yana ɗauka?

Injiniya Ƙarami (Zahran): Bindigar a babbar jaka da za a auna, ba batir a cikinta, kada ka riƙe ta a hannu. Batir ɗin litiyam kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya, an rufe bakin wayoyinsa da tef. Ƙa'idar jirage har 100Wh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, ba ya neman izini na musamman, shi kuwa 3S mai 1000mAh 11.1Wh ne kacal. Duk da haka ka tambayi kamfanin jirginka kafin ranar tafiya. Ni dai da tsarabar yara ce, wadda ba a taɓa ba zan kai, don ban san wa zai dinga yi mata caji a can ba.

Baban Sadik (Jidda): Malam, Asabar ina da fasinja zuwa Makka. In kawo ta shago ka nuna min liƙin dalmar?

Mai Gyaran Jawwal (Makka): Kawo ta bayan la'asar, Shara Mansur, in ka iso ka kira. In ka riga ka buɗe a gida, ɗauki hoton cikin kafin ka taɓa komai, akwai ƙananan sifirin a wajen kunama da ke tsalle su ɓace. Notinan ka jera su a kwali yadda ka ciro su, ba duka tsayinsu ɗaya ba. Kuma ka yi wa kowane moto alama a ƙafar da jar waya take, don in aka juya su harsashi baya zai dinga komawa. Waya da makunni ina da su, kai dai ka taho da filogin XT60 guda biyu, mace da namiji.